Labulen Ɗakin Auta

6 ga Oktoba

Ƙanwata Tela,

Assalamu alaikum. Da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da keken ɗinkinki da mai shagon nan taku da ba ta san murmushi ba. Na iso gida lafiya. Uwar Auta tana nan ƙalau, ƙafar ce dai take ɗan taɓa ta da safe. Auta kuwa ta yi tsawo har ta wuce uwarta, na tsaya a ƙofa ina kallonta kamar baƙo. Na je na gaida Goggo, mahaifiyarki. Ta riƙe hannuna tana ta tambaya ko kina cin abinci, na ce mata mai baki irin naki ba ya kwana da yunwa ko a wace ƙasa. Ta ce tunda kakanninmu wa da ƙane ne, ita ba za ta shiga tsakaninmu ba.

Kada ki ce don me ban kira ba. Kin san shekara goma sha bakwai a gindin injin yankan katako sun cinye min kunnuwa. A waya ba abin da nake ji sai iska.

Ga inda ake ciki. Mun kai takardu ofishin da ke ba da izinin tafiya da iyali. Sun karɓi fasfo ɗina tare da na uwar Auta da na Auta, sun ce in na janye nawa kafin a gama, an rufe fayil ɗin ke nan. Wato ina nan a ɗaure sai yadda suka yi da ni. Abu ɗaya ya rage: za su aika wani ya duba gidan da na saya a can ƙasar da kike, ya tabbatar mutum uku za su iya zama a ciki. Takardar da za ta faɗi ranar zuwansa gidan za ta je, ba nan ba. Ki riƙe wannan da kyau: Auta za ta cika goma sha takwas ranar ashirin ga Maris. In ranar ta wuce ba a buga hatimi ba, a wurinsu ta zama babba, ba ta bin takardar uba. Yayyenta duk haka suka wuce ni ina haya a ɗaki ɗaya. Ita kaɗai ta rage min, don ita na sayi gidan.

Saboda haka ki riƙa leƙawa duk mako, ki kwashe wasiƙun da ke bayan ƙofa. Na fita a gurguje, in kin ga abin da na bari a kunne ki kashe. Na san ki, ko ban faɗa ba sai kin wanke har ƙusoshin bango.

Akwai wani tsoho a gidan hagu, mai kare. Mutumin kirki ne amma akwai surutu. Ranar da zan taho ya tsare ni a bakin shinge ya yi ta bayani, har ya shigo ya yi 'yan taɓe-taɓe a ƙaramin ɗakin ƙarƙashin bene. Ni dai gyaɗa kai na yi ta yi, mota na jirana. In kin gan shi ki gaishe shi.

Auta ta ga hotuna, ta zaɓi ɗakin sama mai tagar da ke kallon bishiya. Ta ce a roƙi Anti ta ɗinka mata labule. Ki auna tagar, ki aiko da 'yan ƙyallaye ta zaɓa.

Yayanki, mai gidan sama.

*

24 ga Oktoba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na karɓi takardarka, na ji daɗin jin kowa lafiya. Ni ma ƙalau nake, sai ɗan ciwon wuya na sunkuyo. Ka ce wa Goggo ina cin abinci, kuma ka daina ɓata min suna a gabanta. Mai gidan sama manya! Wata uku da sayen gida har ka fara sa hannu da shi.

Na je gidan. Yaya, Allah ya sanya albarka, amma wanda ya ga yadda ka bar shi zai ce korar ka aka yi. Kofin shayi a kan taga har ya yi gashi. Takalmi ɗaya a kan bene, ɗayan ban san inda ka kai shi ba. Wuni guda na yi ina aiki. Na rufe maka shi yadda iyayenmu ke rufe ɗaki in za su yi doguwar tafiya: na lulluɓe kujeru da gadaje da zannuwa, na kwashe firij na zare shi, na ja tagogi gam, na cusa tsummoki a ƙarƙashin kowace ƙofa don ƙura da ƙwari. Ko sauro ya zo sai ya yi sallama.

Yanzu bari in yi maka faɗa. Ina share falo na jingina da ƙarfen nan na jikin bango, sai na ji shi da ɗan ɗumi. Na bi na taɓa na sauran ɗakunan, duk haka. Na yi ta nema har na gano wani farin akwati a ɗakin ƙarƙashin bene yana ta gurnani shi kaɗai da 'yar fitilarsa. Kusan wata guda yana cin gas! Wa kake ɗumama wa gidan da babu kowa, aljanu? Na kashe shi, na sauke babban makunnin wuta gaba ɗaya. Gidan ya yi tsit, har na ji daɗi.

An manna wata 'yar takarda a jikin akwatin, rubutun hannu kamar kaza ta bi ta kan tawada. Ka san abin da na iya a yarensu bai wuce na awo da gaisuwa ba, wata bakwai kacal na yi a ƙasar. Na sako maka ita a ciki, in ta kuɗin gas ce ka san ta.

Tsohonka ya yi ta ɗago min hannu daga bayan shinge, kamar yana son magana. Karen nan ya kai ɗan maraƙi. Na ɗaga masa hannu daga nesa na ƙara sauri.

Takardar masu duba gida ba ta zo ba tukuna. Sanyin da ake ta tsorata ni da shi ma har yanzu ban ga abin a-zo-a-gani ba.

Ƙarin bayani: takardar nan ta kwana goma sha shida a jakata ina jiran ƙyallaye masu kyau su shigo shago. Ga guda huɗu nan, Auta ta zaɓa. Tagar tana da faɗi, labulen zai yi kyau.

Ƙanwarka.

*

13 ga Disamba

Ƙanwata Tela,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, ƙafar uwar Auta ta yi sauƙi.

Yau da safe takardarki ta iso, ban san inda ta tsaya yawo ba. Na yi ta dariya har na zo kan 'yar takardar tsohon. Cewa ya yi kada a kashe akwatin nan ko da babu kowa a gida, a bar shi a ƙaramin maki, don in sanyi ya tsananta ruwan cikin bututu yana daskarewa ya fasa su. Ashe bayanin da ya yi ta yi min ke nan a bakin shinge. Ni da na shekara goma sha bakwai a gidan haya, ɗumi yana zuwa da kansa, ban taɓa tambayar daga ina ba.

Nan take na sa Auta ta kira ki. Na tsaya ina kallon bakinta har ta ajiye wayar. Ta ce kin ce to, kuma komai lafiya ƙalau, sai dai muryarki kamar mai mura. Alhamdu lillahi. Sai a lokacin na iya cin abinci. Ki sha magani, ki sayi hular kirki, ki daina taurin kai da sanyin ƙasar mutane.

Ki ɗaga makunnin, ki kunna akwatin, in ya gagare ki ki kira tsohon. Karen ba ya cizo, tsufa ya cinye masa haƙora kamar ubangidansa.

Auta ta zaɓi koren mai ƙananan ganyaye. Ta sa ƙyallen a cikin littafinta, duk wanda ya shigo sai ta nuna masa. Ta fara koyon yarensu a wajena, wai don kada ta zama irin Anti.

Yayanki.

*

13 ga Disamba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Jikina lafiya. Ban san yadda zan fara ba, don haka zan faɗa yadda ya faru.

Ƙarya na yi wa Auta yau. Lokacin da ta kira, a tsakiyar falonka nake tsaye, ruwa ya shanye min takalma.

Mako uku ban je gidan ba. Aikin ƙarshen shekara ya taso mana a shago, mai shagon ta hana kowa motsi. A cikin kwanakin ne aka yi wani sanyi na kwana biyar wanda ban taɓa sanin akwai irinsa ba, sannan ya sassauta. Yau da safe na je. Tun daga bakin titi na ga bangon gaba ya yi duhu kamar rigar da aka yi gumi a ciki. Ƙofar ta kumbura, sai da na sa kafaɗa.

Bututun da ke cikin rufi ne ya fashe, daidai saman ɗakin Auta. Silin ɗin ya faɗo a kan gadon. Ruwa ya cika ɗakin, ya bi bango, ya sauko ta bene, ya shiga ko'ina. Tsummokin da na cusa a ƙarƙashin ƙofofi su suka tare shi, suka hana shi fita. Da hannuna na yi masa madatsa, Yaya. Katakon daɓen falo ya tashi ya lanƙwashe. Zannuwan da na lulluɓe kujeru da su sun yi baƙi da fumfuna. Warin kuwa ba ya faɗuwa.

Tsohon ya shigo bayana, ya ɗaure karensa a waje. Ashe shi ya fara ganin ruwa yana ɗiga ta bangon, ba shi da mukulli, bai san inda nake ba, sai ya kira masu ruwa suka rufe daga titi. Kwana nawa yana zuba kafin nan, babu wanda ya sani. Ya wuce kai tsaye ɗakin ƙarƙashin bene, ya sa yatsa a inda takardarsa take a da, ya juyo ya dube ni. Bai ɗaga murya ba. Da ma zagina ya yi.

Muna tsaye haka waya ta yi ƙara. Auta ce, da muryar nan tata mai daɗi, tana cewa Baba ya ce don Allah a kunna farin akwati. Sannan ta ce, "Anti, tagar tawa da gaske ana ganin bishiyar daga kan gado?"

Na ce mata ana gani. Na ce komai lafiya ƙalau. Me zan ce wa yarinya ta je ta faɗa wa ubanta da ƙarfi a kunne?

Na san abin da takardar ta ce yanzu, na tafi da tsohon zuwa shago, ya maimaita, mai shagon ta fassara mana. Taku goma ne tsakanin kekena da teburinta. Kwana goma sha shida takardar tana jakata, girman kai ya hana ni miƙa mata ta karanta min. Na ga gidan da babu kowa ana ƙona masa gas, na ɗauka gyara nake yi maka.

Mai gyaran famfo zai zo gobe. Takardar masu duba gida ta zo, na tsince ta tana iyo a bayan ƙofa, na shanya ta. Shida ga Fabrairu za su zo.

Ka yi min duk faɗan da ka ga dama, na cancanta. Ka dai faɗa min abin da zan yi.

Ƙanwarka.

*

4 ga Janairu

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na karɓi takardarki ta sha uku ga Disamba.

Na je ofishin na tambayi ko zan iya karɓar fasfo ɗina na mako biyu in dawo da shi. Sun ce a'a.

Takardun inshora suna cikin durowar sama a ɗakina, cikin jar jaka. Ki kai musu. Ki ba tsohon mukullin gidan.

Ban faɗa wa Auta ba, ban faɗa wa uwarta ba. Ba ni da abin cewa yanzu.

Yayanki.

*

9 ga Fabrairu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa. Na yi tari na mako biyu, ya tafi.

Takardarka mai ban dariya ta fara zuwa, wadda kake cewa in sayi hula. Na karanta ta a bayan shago na yi kuka har mai shagon ta kawo min ruwa, karo na farko da na ga tana da zuciya. Sannan gajeriyar ta zo. Na gane. Na ba tsohon mukulli a ranar. Yanzu in zan shiga gidan ɗan'uwana sai na ƙwanƙwasa wa baƙo ƙofa na roƙa. Ban ce ba ka da gaskiya ba, amma ta yi min zafi, kuma gara in faɗa.

Masu inshora sun aiko wani mai farin takalmi, ya tsaya daga bakin ƙofa don kada ya ɓata su. Tambaya biyu ya yi: kwana nawa babu wanda ya kwana a gidan, kuma akwatin a kunne yake ko a kashe. Tsohon yana gefe yana yi min ido. Na kasa, Yaya, ƙarya ɗaya ta ishe ni. Mutumin ya buɗe shafi na goma sha ɗaya a takardun da ka sa wa hannu ya nuna min layin. Ba ruwansu.

An gyara bututun, an kunna akwatin. Tsohon ya aro wasu injina masu shan danshi, shi ke juye ruwansu safe da yamma. Mai gyaran ya ce bango irin wannan ba ya bushewa a ƙasa da wata uku, ko uban wa ya roƙe shi.

Na je ofishin masu duba gida, mai shagon ta raka ni. Na roƙi su ɗaga ranar zuwa farkon Maris. Suka ce in an ɗaga, ranar da ke gaba ita ce sha biyar ga Afrilu. Na ce to in na kama maka hayar wani wuri fa, a duba shi? Suka ce sabon adireshi sabon fayil ne, a koma ƙarshen layi. Na faɗa musu ranar haihuwar Auta. Matar da ke bayan gilashi ta ce ta fahimta, kuma na ga alamar da gaske take, amma ba ita ke raba ranaku ba.

Don haka na bar ranar yadda take, na yi abin da na iya. Ni da tsohon muka kwashe silin ɗin da ya faɗo, aka buga sabo. Na goge fumfunar, na shafa fenti har sau uku. Na shimfiɗa darduma a kan katakon da ya tashi. Na ɗinka labulen Auta, koren mai ganyaye, na rataya. Wallahi ranar shida ga wata da safe, in ka shigo ka tsaya daga ƙofa, gida ne.

Mace ce ta zo, dattijuwa, mai fara'a. Ta cire takalmi ba tare da an ce ta cire ba. Ta yaba labulen, har ta juya bayansa ta duba ɗinkin. Zuciyata ta fara kwanciya. Sai ta ciro wani ɗan abu daga jaka mai ƙusoshi biyu, ta danna a bangon da na fenta. Ya yi ƙara. Ta matsa gaba ta danna, ya sake yi. Duk inda ta taɓa a ɗakin Auta sai ya yi kuka. Ta ɗaga gefen dardumar da ƙafarta, ta mayar a hankali yadda na shimfiɗa.

Na riƙe hannunta, ni da ban iya yarensu ba na yi ta haɗa kalmomi: yarinya, sha takwas, Maris. Ta ce ta yi haƙuri, ba za ta iya rubuta cewa yarinya ta kwana a ɗakin nan ba, ƙirjinta zai lalace. Za ta dawo sha biyar ga Afrilu.

Na rasa ƙofar da ban buga ba. In ka san wata ka faɗa min, ko da ƙafa ne zan je.

Ƙanwarka.

*

22 ga Maris

Ƙanwata Tela,

Assalamu alaikum. Lafiyar jiki muna da ita. Ina fata tarin bai dawo ba. Goggo tana gaishe ki, ba ta san komai ba, kuma ba daga bakina za ta ji ba.

Da farko zancen mukulli. Haba ƙanwata. Na ce ki ba shi ne don ke kina shago wuni guda, shi kuwa yana zaune a gida, masu gyara su samu mai buɗe musu. Na ɗauka za ki yanka wani ki riƙe. Da na san yadda za ki karanta layin da na ƙara masa kalma biyar. A lokacin hannuna ne ba ya iya rubutu mai tsawo. Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba, na kwana uku ina jin haushinki. A na huɗu na tuna wanda ya tsaya a bakin shinge yana gyaɗa kai kamar ƙadangare don kada tsoho ya gane ba ya ji. Da na ce masa ya maimaita, ko ya rubuta min a hannu, da yanzu wani zancen muke yi. Kuma ni na rubuta miki ki kashe abin da na bari a kunne. Ki ajiye rabin laifin nan, nawa ne.

Da takardarki ta zo na koma ofishin. Dole na tafi da Auta, don ita ce kunnena a irin wuraren nan. A hanya na so in faɗa mata, bakina ya ƙi. Muka isa gaban gilashi, na miƙa roƙona a rubuce cewa a yi la'akari da ranar da muka shigar da takardu, ba ranar hatimi ba. Mutumin ya duba na'urarsa ya yi magana mai tsawo. Ina kallon bakinsa ban kama komai ba, sai na juya wajen Auta kamar yadda na saba. Na ce me ya ce? Ta matso kusa da kunnena na dama, ta ɗaga murya yadda nake iya ji, mutane cike da ɗakin.

"Baba, ya ce gidan bai ci jarrabawa ba. Ya ce kai da Mama za ku iya tafiya in an sake dubawa. Ban da ni."

Haka ta ji, haka ni ma na ji. Abin da kika ƙi sa ta ta yi a waya, ni na kai ta ta yi shi a gaban jama'a.

Shekaranjiya ta cika goma sha takwas. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta ce mu tafi, za ta zauna wajen yayarta ta yi karatu, wataƙila wata rana ta zo da takardar kanta. Uwarta ta ce ba inda za ta, ba ta haifi 'ya don ta bar ta ta je ta zauna da bango ba. Ni kuma dole in koma, aikina ba zai jira ni har abada ba, kuma banki yana da rabo a gidan. Na tambayi zancen sayarwa, aka ce gidan da ya sha ruwa sai dai a yi kyauta da shi. Ina zaune tsakaninsu, kowa na kallona in yanke, ni kuwa ban san ta inda ake kama maganar ba.

Ƙyallen yana nan a littafinta, na gani. Ta ce in gaishe da Anti, in ce ba ta riƙe ki da ƙaryar nan ba.

Ki karɓi mukullinki. Ki bar matar ta zo ta duba, tunda fasfo ɗina ba zai fito ba sai ta zo.

Yayanki.

*

16 ga Afrilu

Yaya,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau. Tsohon yana gaishe ka, ya ba ni mukulli, ashe tun tuni ya yanka min nawa yana jiran in tambaya. Yanzu ina shafa kan karen. Takardarka na karanta ta sau ɗaya, ban iya sake buɗe ta ba. Ka ce wa Auta na ji, na gode, kuma ba ni da fuskar da zan kira ta tukuna.

Matar ta dawo jiya. Ta danna abin nata a kowane bango, bai yi ƙara ko sau ɗaya ba. Gidan ya bushe ƙayau. Ta yi murna, ta ce mun yi ƙoƙari, ta tambaye ni yaushe yarinyar za ta iso. Na kasa haɗa amsar a yarensu, ta ɗauka ban gane tambayar ba, na bar ta a haka.

Ga kwafin takardar nan da hatiminta. Mai shagon ta karanta min. An rubuta cewa gidan ya dace, ya isa mutum uku.

Bishiyar ta fara fitar da ganye, kuma da gaske ana ganinta daga kan gado, na zauna na duba. Labulen yana nan a rataye. Na sa hannu zan cire shi in naɗe don kada rana ta ci launinsa, sai na fasa. In kana so in aiko mata shi ka faɗa, in kana so ya zauna ka faɗa. Ba zan ƙara taɓa komai a gidan nan da ra'ayin kaina ba.

Tsohon ya ce har yanzu safiya tana yin sanyi, a bar akwatin zuwa wata mai zuwa. Yana nan yana gurnaninsa. Da zan fito na bar ƙofar ɗakin Auta a buɗe don ɗumin ya riƙa shiga, na ja ƙofar waje na kulle. Ban kashe komai ba.

Ƙanwarka.